Darasi na 9: Maganin Feshi da Kifin Ruwanmu

Madatsar ruwa ta Dadin Kowa tana kan Kogin Gongola, gabas da garin Gombe. An kammala ta a 1984. Daga ita manoman rani ke samun ruwan shinkafa, tumatir, albasa da kankana. Daga ita kuma masunta ke kamo tarwaɗa da karfasa. Ruwan ɗaya ne, kuma abin da aka zuba a gona yakan gangara cikinsa.

Ba wanda zai hana manomi feshi. Wake in ba a yi masa feshi ba, ƙwari za su cinye furen tun kafin ya yi ɗa. Amma maganin da ke kashe tsutsa bai san tsutsa daban, kifi daban ba.

Yadda maganin ke shiga ruwa

Wani lokaci ruwan sama ne ke wanke shi daga ganye, ko ruwan ban-ruwa ya kwashe shi ya koma rafi. Iska ma takan ɗauki feshin. Sai dai hanya mafi muni ita ce wadda muke yi da hannunmu: mutum ya gama feshi da rana tsaka, ya gaji, ya sauke tankin daga bayansa a bakin kwata, ya ɗauraye shi, ya tuttular da farin ruwan nan a ciki, ya jefa kwalbar a ciyawa. Abin da ya zuba a wuri ɗaya ya fi ƙarfin abin da ruwan sama ke wankowa daga gona, don bai tarwatsu ba.

Akwai kuma masu zuba guba da gangan don kama kifi. Tsofaffin masunta sun san Gamalin, wani maganin ƙwari wanda hukumar NAFDAC ta haramta. Wannan ba kamun kifi ba ne, kisan kiyashi ne, don yana tafiya da uwa da ƙwai da 'ya'ya.

Abin da yake yi a jikin kifi

Ɗaga murfin gefen kan kifi. Za ka ga wani jan nama mai siraran haƙora kamar matsefi. Da shi kifi ke numfashi, kuma duk ruwan da ya shiga bakinsa ta nan yake fita. Don haka nan guba ke fara taɓawa. A lafiyayyen kifi naman ja ne wur, haƙoran a rarrabe. In magani ya taɓa shi, sai ya kumbura, haƙoran su manne da juna, yauƙi ya lulluɓe su, launin ya koɗe ko ya yi duhu. Kifi yana cikin ruwa amma numfashi ya gagare shi.

Daga nan gubar ta bi jini zuwa hanta, wadda aikinta shi ne tace dafi. In dafin ya yi mata yawa sai ta kumbura, ta yi fari-fari, ta yi laushi. Ƙoda ma takan lalace. Macen kifi kuma ƙwanta yakan ragu, wanda ta saka ma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba. Wannan ɓarnar ba a ganinta a ranar. Sai bayan shekara masunci ya ce kifi ya yi ƙaranci, bai san dalili ba.

Magungunan ba iri ɗaya ba ne. Masu sinadarin DDVP, irin su Sniper, jijiyoyi suke kamawa: suna hana saƙon da ke tafiya daga jijiya zuwa tsoka tsayawa, sai jiki ya yi ta karkarwa. Masu cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda aka fi fesa wa wake da tumatir, ɗan kaɗan ya ishi kifi, don jikinsa ba ya iya narkar da su da sauri. Irin su Gamalin kuwa ba sa saurin ruɓewa. Suna taruwa a kitsen kifi, babban kifi ya ci ƙarami ya ƙara tarawa, mu kuma mu ci babban.

Alamun da za ka gani daga bakin ruwa

Kifi yakan nuna ciwo kafin ya mutu. Karfasa, wadda ko inuwar mutum ta gani sai ta gudu, za ka gan ta a saman ruwa tana buɗe baki, har yaro ya kama ta da hannu. Wani kifin ya yi ta zagaye wuri ɗaya, wani ya zabura ya yi tsalle, wani ya kwanta a gefe ko ya juya ciki sama. Tarwaɗa takan fi jurewa don tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ganin ta da rai ba ya nuna ruwan lafiya yake.

Kada ka kwashi irin wannan kifin, ko da banza ne. Suya da banda ba su da tabbacin cire guba. Ka gaya wa Sarkin Ruwa da malamin gona, a hana yara da dabbobi shiga wurin.

Ranar feshi

Duba jikin kwalba. In ka ga hoton kifi da aka soke da layi, maganin yana kashe kifi. Auna yadda aka rubuta, kada ka ƙara murfi ɗaya wai don ya fi ci. Kada ka yi feshi in hadari ya haɗo ko iska na kaɗawa, kuma ka bar tazara tsakaninka da bakin ruwa. In kwalba ta ƙare, ɗauraye ta sau 3, kana juye ruwan cikin tankin, sannan ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Ɗebo ruwa a bokiti ka wanke tankin a cikin gona, nesa da kwata da rijiya.

Aikin aji

1. Wace gaɓa ce guba ke fara taɓawa a jikin kifi? Me ya sa?
2. Rubuta alamu 3 na kifin da ya sha magani.
3. Kowa ya kwafo sunan maganin da yake amfani da shi a takarda, ya zana hotunan da ke ƙasan kwalbar. Kwalbar kanta a bar ta a gida, inda hannun yara ba ya kaiwa.