Jar ambulan ta sabuwar shekarar Sin a ajin yara ƙanana

Sabuwar shekarar Sinawa takan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Manya kan ba yara kuɗi a jar ambulan, hongbao, kamar goron sallah.

A aji kada a sa kuɗi, rigima ce. Kowane yaro ya ninka jar takarda, malama ta manna gefe biyu da gam. Ya zuba alewa shida ko takwas, ban da huɗu, don a Sinanci sautinta ya yi kama da "mutuwa". Malama ta haɗa yaran bibbiyu su yi musayar ambulan, kada wani ya tashi hannu rabbana.

Da hannu biyu ake miƙawa da karɓa, kuma ba a buɗewa gaban mai kyautar. Nan 'yan shekara 3 ke kasa haƙuri, sai a sa musu a jaka har a tashi.