Kafin ka ɗaura liba mai ƙas-ƙas a tsohon keke, auna firiwil ɗinka

Duk wanda ya kawo mini tsohon keken tsere yana son a sa masa libar canja giya mai ƙas-ƙas, irin wadda ke tsayawa da kanta a kowace giya, abin da nake fara tambayarsa shi ne wane firiwil ne a tayar baya, wato tarin faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Yawanci amsar ita ce, "mai shida ne." To, ai shida iri biyu ce. Akwai mai faɗi, akwai matsattsiya, kuma libar da ta zauna daidai a kan ɗaya ba za ta zauna a kan ɗayar ba, ko da kwana za ka yi kana murɗa waya.

Tsohuwar liba ta lalube, wadda ba ta da ƙas, ba ruwanta da wannan. Ka ja, ka kasa kunne, idan sarƙa na kuka ka ɗan mayar har ta yi shiru. Da kamfanin Shimano ya fito da tsarinsa na ƙas-ƙas mai suna SIS a 1984 a kan kayan Dura-Ace 7400, sai aka karɓe wannan aiki daga hannun mahayi aka damƙa wa abubuwa uku. Kowane ƙas na liba yana jan waya gwargwadon wani tsawo. Direla, wato ƙarfen nan mai ƙananan tayoyi biyu da ke tura sarƙa, tana ninka wannan jan ta mayar da shi tafiya ta gefe. Tafiyar kuma dole ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin faifan haƙora ɗaya da na kusa da shi. Ita direla ba ta san lissafi ba, ba ta san ko shida ne a bayanta ko takwas. Iyakar abin da aka ja ta, iyakar tafiyarta.

Ga yadda lissafin yake a wurin Shimano. Yawancin direlolinsa na zamanin giya shida zuwa tara suna ninka jan waya sau 1.7. Libar shida tana jan kusan milimita 3.2 a kowane ƙas, abin da ke ba da tafiyar kusan 5.5. Libar bakwai tana jan 2.9, ya zama 5.0. Ta takwas 2.8, ya zama 4.8. Waɗannan lambobi uku na ƙarshe, 5.5 da 5.0 da 4.8, su za ka riƙe.

Sai awo. Cire tayar, ka goge baƙin mai da tsumma don ka ga ƙarfe. Ɗora rula ta ƙarfe a kwance a kan fuskar ƙaramin faifai ta yadda za ta zarce gefe, sannan ka auna daga ƙarƙashinta zuwa fuskar babban faifai. Idan kana da ma'aunin nan mai baki biyu na masu aikin ƙarfe, ya fi. Abin da ka samu ka raba shi da yawan giɓin da ke tsakani, ba yawan faifan ba: mai shida giɓi biyar gare shi. Idan ka ga milimita 27.5, shida mai faɗi ce, 5.5 ke nan. Idan 25 ka gani, matsattsiya ce. Mai bakwai zai ba ka 30. Kada ka auna faifai biyu kawai ka ce ka gama, domin rabin milimita ba ya ganuwa a rula sai ya taru.

Matsattsiyar shidan nan kamfanin SunTour ne ya yi ta a ƙarshen shekarun 1970, ana kiranta Ultra-6. Dabara ce ta cusa giya shida a firam ɗin da aka ƙera don biyar, wanda faɗin bayansa milimita 120 ne. Saboda haka idan keken naka 120 ne a baya kuma yana ɗauke da shida, kusan ba sai ka auna ba ma. Idan ka sa wa matsattsiyar libar shida ta Shimano, kowane ƙas zai wuce gurbinsa da rabin milimita. A ƙas na farko ba za ka ji komai ba. A na biyar kuskuren ya kai milimita 2.5, rabin giɓi cif, sarƙa ta tsaya tsakanin faifai biyu tana ta ɓarar-ɓarar ta rasa inda za ta sauka. Maganin kuwa mai sauƙi ne, ko da yake mutane kan yi mini kallon mamaki idan na faɗa: libar bakwai za ka sa wa wannan shidan. Tazararsu ɗaya, 5.0. Ka fara daga ƙaramin faifai, ka yi amfani da ƙas biyar, na shidan kuma sukurun iyaka mai alamar L ya tare shi don kada sarƙa ta faɗa cikin wayoyin taya.

Haka libar shida kan yi aiki a kan firiwil mai biyar, tunda tazararsu kusan ɗaya ce. Na ce kusan, domin tsofaffin firiwil na Regina da Maillard da Atom an ƙera su tun kafin a san da ƙas-ƙas. Ba a matsa wa tazararsu sosai ba, haƙoransu kuma dogaye ne miƙaƙƙu, sai an ɗan zarce da sarƙa kafin su kama ta. Hannu ya iya wannan zarcewar, liba mai ƙas ba ta iya ba. Ni dai idan ana son ƙas-ƙas da gaske, nakan ajiye tsohon a akwati in ɗaura sabon firiwil na Shimano ko SunRace mai haƙoran da aka sassaƙa don ɗaga sarƙa. Wannan canjin kaɗai ya fi duk wani saiti tasiri.

Libar takwas a kan firiwil mai bakwai fa? Tana tafiya. Bambancin 0.2 ne a kowane ƙas, kuma idan ka daidaita a faifan tsakiya, kuskuren ba zai wuce 0.6 a kowane gefe ba. Abin da ke haɗiye shi ita ce ƙaramar tayar sama ta direlar Shimano, wadda aka bar wa ɗan wasa na hagu da dama da gangan. Sau da yawa nakan tarar wani ya ga wannan wasan ya ɗauka lalacewa ce ya matse shi, ko ya wanke tayoyin biyu ya mayar da ta ƙasa a sama. Duba wannan kafin ka zargi liba.

Akwai kayan da ba sa shiga wannan lissafi. Direlar Dura-Ace ta jerin 7400 tana ninka ja sau 1.9, don haka libar shida, bakwai ko takwas ta sauran kayan Shimano ba ta dace da ita ba, kuma sai a 1997 da mai tara ta fito Dura-Ace ta koma tsarin sauran. Accushift, tsarin ƙas-ƙas na SunTour, wanda ya fito a 1987, yana da nasa jan, kuma mai bakwai ɗinsa tazarar ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Idan kana da cikakken Accushift, liba da direla da firiwil, bar su tare. Syncro na Campagnolo, shi ma na 1987, yana da zobba na ciki da ake canzawa gwargwadon direla da firiwil, kuma neman zoben da ya dace yau wahala ce da ban cika ba kowa shawarar shiga ba. Su kuma direlolin da suka girmi ƙas-ƙas, irin Nuovo Record ko Simplex ko Huret, kada ka ɓata ranarka.

Idan za ka ƙara yawan giya, auna faɗin firam tukuna. Biyar milimita 120, shida da bakwai 126, takwas 130. Mai bakwai a gurbin shida yakan buƙaci ƙarin wosha na milimita ɗaya ko biyu a gefen sarƙa don kada ta goge firam, sannan a dawo da rim tsakiya. Firam na ƙarfe ana iya buɗa shi, na alminiyam ba a yi. Firiwil mai takwas kuwa ba na ɗaura shi a tsohuwar taya, saboda sandar tsakiya tana yin tsawo da yawa ba madogara, ta lanƙwashe ko ta karye. Ka kula kuma da tiredin da ake murɗa firiwil a kai. Na yau inci 1.375 ne mai zare 24 a kowane inci, amma wasu tsofaffin kekunan Faransa milimita 34.7 ne mai zare ɗaya a milimita. Shafa giris, ka murɗa da yatsu. Idan ya cije tun zagaye na biyu, tsaya, kada ka ɗauko sifana.

Ranar haɗawa, fara da kunnen firam inda direla ke ratayawa. Tsaya a bayan keke ka duba: tayoyin direla biyu su sauka a miƙe ƙarƙashin faifai. Kunnen da ya ɗan karkata ba ya damun libar lalube, amma yana rikita ƙas-ƙas gaba ɗaya. Canja rigar waya zuwa irin ta giya wadda ba ta matsewa, ba ta birki mai naɗin sifirin ba. Sa sabuwar waya da sarƙar da aka yi don shida zuwa takwas. Saita sukurun iyaka masu alamar H da L kafin ka ɗaure waya. Sannan ka danna ƙas ɗaya kana juya feda da hannu. Idan sarƙa ba ta hau faifai na biyu ba, warware madaidaicin waya da ke bayan direla kwata-kwata na zagaye har ta hau ta yi shiru.

Daga nan kukan sarƙa zai gaya maka sauran. Idan duk giyoyin suna karkata gefe ɗaya, waya ce, ƙara ko rage. Idan hawa lafiya amma saukowa zuwa ƙananan faifai na jinkiri, waya na maƙalewa a cikin riga. Idan kuwa tsakiya shiru, amma a ƙarshen nan sarƙa na jan ciki, a wancan kuma tana jan waje, tazara ce ba ta dace ba, kuma babu murɗin da zai gyara ta: ko ka canja liba, ko ka canja firiwil. Kafin kayan su samu, duba gefen libar dama. Yawancin libobin Shimano da ake ɗaurawa a jikin firam suna da ɗan zobe da ake juyawa daga SIS zuwa lalube, kuma a can kowane firiwil da ya hau tayar zai yi aiki.