Hawa Zuwa Kangon Otel na Dutsen Overlook

Idan ka je Woodstock a jihar New York ta Amurka, ajiye mota daura da gidan ibadar 'yan Buda na Tibet, ka kama tsohuwar hanyar tsakuwa. Hawa ne zalla, kusan kilomita 3. Ni sai da na tsaya huci sau uku. Tafi da ruwa da takalmi mai kauri.

Otel na farko ya ƙone a 1875. Wannan na siminti ba a taɓa gama shi ba, har bishiyoyi sun tsiro a tsakiyar zaurensa. Kada ka taka matakalar da ta tsage, kuma kada ka zura hannu cikin duwatsu: macizai masu ƙararrawa a wutsiya suna shan hantsi a wurin.