Yadda Ake Gina Dabbar Tatsuniya da Yumɓu

Kafin ka jiƙa yumɓu, zauna ka zaɓi gaɓa ɗaya a cikin tatsuniyar, wadda halin dabbar ya fito fili a cikinta. Nan ne rabin aikin. Kura a tsaye ƙiƙam kura ce kawai. Amma kurar da ƙirjinta ya nufi ragar nama, wuya ya waiga baya don ta ji motsin mai gida, bindi a matse, wannan kowane yaro zai ce maka ta tatsuniya ce: ga kwaɗayi, ga tsoro.

Wanda nake ba ɗalibaina misali da shi a nan shi ne Marshall Fredericks, Ba'amurke mai sassaƙa mutum-mutumi, wanda ya rayu daga 1908 zuwa 1998. Gidan adana ayyukansa yana cikin Jami'ar Saginaw Valley a jihar Michigan, kuma yawancin abin da ke babban zauren farare ne na filasta, wato samfurin da ake bi a zuba tagulla ko a sassaƙa dutse. A 1957 ya yi wa kasuwar Eastland da ke kusa da Detroit zaki da ɓera, daga tsohuwar tatsuniyar Girkawa, wadda a cikinta ɓera ya ceci zaki daga tarko. Bai nuna tarko ba, bai nuna igiyar da ɓeran ya ciza ba. Ƙaton zaki na dutse ya kwantar rigingine, ya ɗora ɗan mitsitsin ɓera na ƙarfe a kan daginsa. Jikin zakin sumul, ba tsiron gashi ɗaya-ɗaya. Ni a ganina wannan ya fi a tsaya zana kowane farce.

Sai yumɓu. Samo na masu ginin tukwane, ka busar, ka daka, ka tankaɗe, ka jiƙa ya kwana. Daka tsingaro ya yi laushi ka zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, shi ke hana tsagewa a wuta. Murza shi sosai kamar ƙullin alkaki har iska ta fita. Idan ka nannaɗa ɗan siriri a yatsa bai karye ba, ya yi.

Fara da manyan dunƙule uku: ƙirji, ƙugu, kai. Kada ka taɓa ido ko kunne tukuna. Riƙa juya aikin kana dubawa ta kowane gefe, har daga sama. Kura ƙafafun gabanta sun fi na baya tsawo, gadon bayanta gangare ne, wuya kauri. In ka kuskure wannan, kare ka gina. Dila kuwa, malamin daji, wayonsa a siririn baki yake da yadda yake karkatar da kai. Duk inda za ka haɗa guda biyu, karce fuskokin da tsinke, shafa ruwan yumɓu mai kauri, sannan ka manna ka goge bakin.

Ƙafafu su ne masifa. Kada ka sa waya a cikin abin da za ka gasa, domin yumɓu na motsewa idan ya bushe, waya kuwa ba ta motsewa, sai ya dare a kanta. Dabara ita ce ka zaunar da dabbar ko ka kwantar da ita, ko ka bar kututture a ƙarƙashin ciki ya tallafa. Shi ya sa Gizo bai dace da yumɓu ba. Ƙafa takwas sirara ba za su kai gobe ba. Shi sai rodi da ragar waya, a yaɓa siminti kashi ɗaya da yashi kashi uku, a yi ta yayyafa ruwa har mako guda. Wanda ke kusa da Zariya ya leƙa lambun mutum-mutumi na sashen zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, zai ga abin da siminti ke iya yi. (Na san akwai waɗanda ba su yarda da surar mai rai ba sam, wannan kowa ya tambayi malaminsa.)

Idan aikin ya ɗan sha iska, ya yi ƙarfi amma farce na shiga, yanka shi biyu da zare, ka rarake cikin da cokali har kaurin bango ya dawo kamar na babban yatsa. Mayar ka manne, ka huda ƙaramin rami a ƙasa don tururi ya samu hanya, in ba haka ba zai fashe a wuta ya ɓata wa maginiya tukwanenta. Busar a inuwa, rufe da leda sako-sako, musamman da hunturu, mako biyu ko fiye. In ka ɗora a kumatu ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Ƙaramin abokin labarin, ɓera ne ko tsuntsu, gina shi tare da babban tun yumɓu na ɗanye, kada ka bari sai an gasa ka liƙa da gam. Ɓeran Fredericks ma, da yake dabam aka ɗora shi, an sha sace shi daga dagin zakin ana sake wani.