Yadda za ka ƙwato haƙƙinka idan an sayar maka da kaya marar kyau

Yawancin masu saye suna rasa haƙƙinsu ne tun kafin su biya kuɗi, domin ba su ajiye abin da zai tsaya musu shaida ba. Shi ya sa aikin yake farawa daga talla. Idan ka ga an ce cajin batirin waya yana kwana uku, ko man shafawa yana goge tabo cikin mako guda, ɗauki hoton tallan da wayarka. Mai talla zai iya sauya rubutunsa na intanet cikin dare, hotonka kuwa yana nan. Ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, don can ake cusa sharuɗɗa. Kalmar "har" a cikin "ragin har kashi 70" takan nufi kaya ƙalilan ne suka samu wannan ragin.

Kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin. Duba ranar ƙarewar wa'adi, da sunan kamfani da adireshinsa. Kayan da ba shi da adireshi ba ka da wanda za ka kama a kansa. In waya ce, danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. Da zarar sun saɓa, ajiye musu abinsu.

Sai rasit. Kada ka ji kunyar nema, ko da mai kaya sanayyarka ne. A rubuta sunan kayan, ranar saye da tsawon garanti. Biya ta banki ko kati ya fi barin sawu, kuma masu kati sukan iya neman banki ya dawo musu da kuɗinsu idan kaya bai iso ba ko ya saɓa da abin da aka tallata.

Ranar da aibi ya bayyana, daina amfani da kayan nan take, musamman na lantarki ko magani. Ɗauki hoto ko bidiyo. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ke ba ni takaici: su garzaya wurin mai gyara ya kwance na'urar, alhali buɗe ta yakan soke garanti. Koma wurin mai sayarwa da wuri, cikin natsuwa, ka faɗi abu ɗaya da kake so: gyara, canji, ko mayar da kuɗi. In ya yi alkawari, tura masa saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar cikawa.

Zai yiwu ya nuna maka allon "ba a mayar da kaya". A dokokin ƙasashe da dama, wannan rubutu ba ya kare mai sayar da kaya mai aibi. A Tarayyar Turai, misali, doka ta ba mai saye garantin shekara 2, da kwana 14 na fasa cinikin intanet. Nemi sanin abin da dokar ƙasarka ta tanada.

In mai sayarwa ya ƙi, rubuta wa kamfanin da ya ƙera kayan, sannan hukumar kare masu saye. Kai kuka ba roƙo ba ne. Tun 15 ga Maris 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya lissafa haƙƙin a saurari mai saye cikin haƙƙoƙi huɗu, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ƙa'idojin kare masu saye a 1985. Takardar ƙorafinka ta zama gajeriya: me ka saya, yaushe, me aka ce maka, me ka tarar, me kake nema. Haɗa da kwafin rasit da hotuna, ka riƙe na ainihin a hannunka.