Kafin ka zuba kuɗinka a takalmin tsere mara nauyi

Wani ƙanina da ya fara gudu bara ya turo min hoton wani takalmi a WhatsApp wai yaya ka ga wannan, giram ɗari da wani abu ne kawai, shi zan saya na je gudun famfalaki na Legas da shi. Na ce masa tsaya tukun, nauyi kaɗai ka duba? Ya ce to me kuma ake dubawa. Wannan tambayar tasa ce ta sa na zauna na rubuta wannan, don na san da yawa haka suke tunani, da an ce takalmin tsere sai a ɗaga a ji ko ba nauyi shikenan a biya kuɗi.

Ba wai maganar nauyin ƙarya ba ce fa. Masu bincike sun daɗe da auna cewa duk giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara maka kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin da kake ƙonawa, kuma a kilomita 42 wannan ba wasa ba ne. Takalmin tirenin na yau da kullum yakan kai giram 280 zuwa 300, na tsere kuma yawanci giram 180 zuwa 220 ne. Wanda Tigst Assefa ta Habasha ta saka a Berlin a 2023 ta yi awa 2 da minti 11 da sakan 53, wato Adizero Adios Pro Evo 1 na Adidas, giram 138 ne kacal, kuɗinsa dala 500 a lokacin, kuma kusan don tsere ɗaya aka ƙera shi. Kai da kake tara kuɗin takalmi wata uku ka ga ai ba naka ba ne.

Abu na farko, wane nisa za ka yi kuma a wane gudu? Idan kilomita 5 ne ko 10, irin na Okpekpe a jihar Edo, takalmi mai siririn ƙasa mara soso da yawa ya isa, irin su Takumi Sen ko Adizero Adios ko Streakfly, kana jin ƙasa a ƙafarka kana juya ƙafa da sauri. Amma rabin famfalaki ko cikakkensa mai kilomita 42, to a nan soso ya fi rashin nauyi muhimmanci, domin daga kilomita 30 ba huhu ne ke fara gazawa ba, cinya ce da sharaɓa suke sandarewa saboda dukan kwalta, kuma takalmin da ya fi nauyi da giram 30 amma ya tare maka wannan dukan ya fi maka amfani nesa ba kusa ba.

Sai maganar farantin kabon da kowa ke yi, wato siririn faranti mai tauri da ake sakawa cikin soson ƙasan takalmi. Tun da Nike suka fito da Vaporfly a 2017, sannan Eliud Kipchoge na Kenya ya gama nisan famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a 2019 da samfurin Alphafly, kowane kamfani ya bi layi, Asics da Metaspeed, Saucony da Endorphin Pro, Puma, New Balance, Hoka duk suna da nasu. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba farantin ne kaɗai ke aikin ba, soson ne babba, wani irin soso ne da ake ce wa PEBA mai laushi mara nauyi wanda in ka taka yake dawo maka da yawancin ƙarfin, farantin kuma yana riƙe shi ne kar ya yi ta lanƙwasa yana kuma tura ka gaba. Matsalar ita ce an ƙera su ne don mai gudu da sauri. Idan kana cin minti 6 da rabi ko 7 a kilomita ɗaya kuma da diddige kake sauka, za ka ji kamar kana tafiya a kan katifa mai tsayi, idon sawu na rawa, musamman a kwana ko inda hanya ta karkace. Ni a ganina wanda zai yi awa 4 da rabi ko sama a famfalaki gara ya nemi na tsaka-tsaki mai faɗin ƙasa, irin su Adizero Boston ko Endorphin Speed, sun fi araha sun fi ƙarko kuma za ka iya tirenin da su.

Akwai doka ma in kana da burin shiga gasa ta hukuma, tun 2020 World Athletics, hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ta ce kaurin ƙasan takalmin titi kar ya wuce milimita 40 kuma faranti ɗaya tak. Yawancinmu da muke can baya ba mai zuwa ya auna mana, amma 'yan tseren Filato da ke neman kyauta ya kamata su sani.

Ka kuma tambayi bambancin tsayin diddige da na gaba. Wasu milimita 8 ne ko 10, wasu 4 ko 5. Idan ka saba da mai tudun diddige ka koma mara tudu rana ɗaya, agararka ce za ta biya bashin, na gani da idona, mutum ya gama tsere ya yi sati biyu yana saukowa daga bene da baya-baya.

Yanzu gwaji, nan ne ake yawan tafka kuskure. Ka je da yamma ba da safe ba, ƙafa tana kumbura in an yini a kanta, haka take yi a tsere ma balle a zafin Legas na Fabrairu ga gumi. Ka tafi da safar da za ka yi gudun da ita. Ka ɗaure igiya sosai ka miƙe tsaye, a samu kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Diddige kar ya riƙa zamewa, gefen ƙafa kar ya matse, don takalman tsere yawanci matsattsu ne kuma mu da muka taso da silifas ƙafarmu tana da faɗi, lamba 43 a Nike ba lallai ta zama 43 a Asics ba, gara ka duba santimita da ke rubuce a harshen takalmin. In mai shago ya yarda ka ɗan yi sassarfa a gaban shagon, in bai yarda ba ko tsalle ka yi a wuri ɗaya.

Maganar gwanjo kuma, gaskiya sabo mai kabon kusan dala 250 ne zuwa sama, shi ya sa da yawa sai Kofar Wambai ko masu sayarwa a Instagram. Ba laifi amma ka buɗe ido. Soson takalmin tsere yakan mutu bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, sama na nan fes kamar sabo amma ciki ya zama fanko. Ka juya shi ka duba robar ƙasa, in ta cinye har soso ya fito a diddige ka ajiye. Ka duba gefen soson, in ya yi tamoji masu zurfi ya sha wuya. Ka ɗora shi a kan tebur ka ga ko ya karkace gefe ɗaya. Ka gwada lanƙwasa shi da hannu, mai kabon na gaske da ƙyar yake motsi, in ya naɗe kamar tabarma ko ka ji ƙas-ƙas to jabu ne ko farantin ya karye. Ni an taɓa sayar min da jabu a wani shago, kalar ta yi kyau wallahi, sai da na ɗora a sikelin kicin na ga ya haura giram 300 kuma lambar da ke kwali daban da ta jikin takalmin.

In ka saya kar ka ɓoye shi sai ranar tsere, kar kuma ka mayar da shi na kullum. Ka yi gudu uku ko huɗu da shi, ɗaya ya zama dogo kamar kilomita 15 zuwa 20 a saurin da kake son yi ranar, ka ga inda zai fitar maka da bororo ka shafa basilin ko ka manna filasta a wurin. A kan kwalta fa, burji da tsakuwa suna yaga soson nan cikin sati. Bayan gudu ka cire shimfiɗar ciki ka bar shi ya sha iska a inuwa, kar ka shanya a rana kar ka bar shi a but ɗin mota, zafi na lalata soso da gam.

Ƙanin nawa dai a ƙarshe Boston ya saya, gwanjo mai kyau, lamba ɗaya sama da wanda yake sawa zuwa ofis.