18L Daban, 18R Daban: Kurakuran Da Na Gaji Da Gani a Allon Bayanan Titin Jirgi

Gidanmu a Agege yake, kuma duk wanda ya taɓa kwana a unguwar ya san ba a sayen agogo mai ƙararrawa. Jiragen da za su sauka a filin Murtala Muhammed ta kanmu suke bi, sun saki tayoyi, suna gangarowa daga arewa. Wannan ƙarar ce ta ja ni zuwa tuƙin jirgi a kwamfuta, da wata tsohuwar sandar tuƙi da na tsinta a kasuwar Computer Village. Yanzu yara sun cika harkar, wasu a Microsoft Flight Simulator, wasu a X-Plane, kuma kusan kowa ya ɗora ƙarin manhajar nan mai buɗe allon bayanan titin jirgi: lambarsa, tsawonsa, faɗinsa, iska, mitar ILS (siginar rediyo mai jagorantar jirgi zuwa bakin titi wajen sauka), wani ma har da murya mai sanar da kai titin da ka doshi bakinsa. Kaya ne mai kyau. Amma na gaji da ganin hoton jirgi ya nutsa hanci a ciyawa, mai shi yana cewa manhajar ce ta yaudare shi. Sau tara cikin goma allon gaskiya ya faɗa, karatun ne ya karkace.

Zan fara da wanda ya ci mini mai.

Iska. Wata Asabar cikin damina na ɗauko babban jirgi daga Landan zuwa Legas, a ainihin lokacinsa, ba tare da gaggauta agogo ba. Sa'a shida da wani abu ke nan a kan kujera. An ɗauke wuta tun kafin in ƙetare Sahara, na tayar da janareta, na ce ko ta halin ƙaƙa sai na sauke jirgin nan. Da na matso, allon ya nuna iska 200 da not 16 (not shi ne awon gudun iska), ga wata 'yar kibiya a gefe. Ni kuwa a lokacin na ɗauka 200 ɗin inda iskar ta nufa ne. Na ce to, tunda kudu take tafiya, ni sai in fuskanci arewa mu yi karo, na zagaya ta kan teku na shigo titin 36R. Jirgi ya zo bakin titi ya ƙi zama. Yana ta shawagi kamar shirwa, kwalta na wucewa a ƙarƙashina, sai da na cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na titin kafin taya ta taɓa ƙasa. Ga ruwa kwance. Na danne birki har yatsana ya yi ciwo, amma ina! Sai ga ni a ciyawa. Man janareta na wuni guda ya tafi a banza, ga uwargida tana tambayar me ya sa na yi tagumi a gaban kwamfuta.

To ku saurara, don ba zan sake maimaitawa ga kowa ba. Lambar iska a harkar jirgi tana faɗar inda iskar ta FITO. 200 na nufin daga kudu take busowa, ta ɗan karkata yamma. Lambar titi kuma tana faɗar inda hancinka zai DUBA: 18 wato digiri 180, kudu, 36 wato 360, arewa. Saboda haka titin da lambarsa ta fi kusa da lambar iska shi ne naka. Cire sifilin ƙarshe daga 200, ka samu 20. Tsakanin 18 da 36 wa ya fi kusa da 20? Shi ke nan, lissafin ya ƙare, ko ɗan aji uku zai yi shi. A ranar nan da 18 na shiga, da not 15 na iskar a goshina za su kasance suna taya ni tsayawa. Da na shiga 36 sai suka koma bayana suna tunkuɗa ni, alhali yawancin jiragen fasinja iyakar iskar baya da aka yarda su sauka da ita not 10 ce, wasu 15.

Kibiyar kuwa na daina kallonta tun ranar. Wata manhajar tana zana ta tana nuna inda iska ta dosa, wata inda ta fito, kuma ba wanda zai gaya maka. Lamba nake karantawa. Kuma da na yi amfani da idona ma, da ban faɗa ramin nan ba: shekara nawa ina ganin jirage suna bi ta kan rufinmu suna sauka kudu? Iskar Legas mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, shi ya sa 18 ce ke aiki kusan kullum. Abin da na sani tun ina yaro na ajiye, na bi kibiya.

Ga iskar gefe ba na buɗe kalkuleta. In bambancin iska da titi digiri 30 ne, rabin ƙarfinta na gefe ne. In 45 ne, kashi bakwai cikin goma. In ya kai 60, ina ɗaukar ta duka a matsayin ta gefe. Wasu za su ce bai cika daidai ba. Ya ishe ni.

Na biyu shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin a ɗakina ya faru, a kan kwamfutata. Ɗan yayata ya zo hutu daga Kano, yaro mai kai, ya iya tayar da injin Boeing daga sanyi ba tare da duba takarda ba. Ya cika jirgi da mai da kaya kamar mai ƙaura, sai na ga ya nufi 18L.

Na ce, "Kai, ina za ka da wannan nauyin?"

Ya ce, "Kawu, ai wannan ya fi tsawo. Dubi, 9,000 ne. Wancan na gani a taswira 3,900 kawai."

Na ce, "9,000 ɗin me? Buhu?"

Allon manhajar da ƙafa yake awo, taswirar da ya buɗe a waya kuma da mita. 18R tsawonsa mita 3,900 ne, wato wajen ƙafa 12,800. 18L kuwa mita 2,700 da 'yan kai, shi ne ƙafa 9,000 ɗin da ya burge shi. Ya zaɓi gajeren yana murna ya samu dogon, bambanci ya fi kilomita guda. Mita ɗaya ƙafa 3.28 ce. Abu na farko da nake yi in na ɗora kowace manhaja shi ne in shiga saitinta in mayar da komai awo ɗaya, kuma mita nake zaɓa, don da ita kaina ke gane nisa. Wanda ya fi son ƙafa ya zauna a ƙafa, amma kada ya auri biyu.

Kuma wannan L da R ɗin, ban san me ya sa yake ba mutane wahala ba. Hagu da dama ne na matuƙi lokacin da ya fuskanci titin, ba na mai kallon taswira ba. Kwalta ɗaya sunanta biyu: wadda take 18R in ka zo daga arewa, ita ce 36L in ka zo daga teku. Dogon titin yana yamma, ɓangaren tashar jiragen ƙasashen waje. Gajeren yana gabas, ɓangaren Ikeja inda jiragen cikin gida suke. Kullum sai na ga wanda ya saka 18R a kwamfutar jirgi, ya saita mitar ILS ta 18L, sannan ya sauka inda Allah Ya nufa. In kana tashi kai kaɗai a ɗaki, dariya ce. In kana kan VATSIM ko IVAO, dandalolin intanet da matuƙan kwamfuta ke tashi tare, da mutum mai rai a hasumiyar kula da jirage yana ba ka izini, kunya ce, kuma ka ɓata wa wasu tafiyarsu.

Kada wani ya ce mini ai wasa ne. Wasa ne, amma wasan kwaikwayon abin da ke kashe mutane. A ranar 31 ga Oktoba 2000, a Taipei, jirgin Singapore Airlines samfurin Boeing 747 ya hau 05R cikin ruwa da guguwa, alhali 05L aka ba shi. 05R a rufe yake, da kayan gini a kansa. Mutum 83 suka rasu. A 2006 a Lexington ta Amurka, wani jirgin ya hau titi 26 maimakon 22, ga shi 26 rabin tsawon 22 ne, mutum 49 suka tafi. Irin waɗannan haɗurra ne tsarin murya mai kiran sunan titi yake ƙoƙarin hanawa a jiragen gaske, shi ne kuma masu manhaja suka kwaikwayo mana. Sai yaro ya ɗora shi, ya ce surutunsa ya yi yawa, ya kashe sautin. To me ka ɗora shi ya yi maka, ado?

Al'adata kafin in tura maƙura, wato totur ɗin jirgi, gaba: in karanta lambar da aka rubuta a kan kwalta da idona, in dubi kamfas ya nuna kusan 180, sannan in faɗi sunan titin da baki. Da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Yarana sun saba, har su kan amsa mini daga falo.

Akwai kuma masu ganin tsawo ɗaya su ɗauka duka nasu ne. Allon kirki yana nuna lambobi huɗu: TORA, TODA, ASDA da LDA. Mai koyo ya riƙe biyu tukuna. TORA ita ce kwaltar da kake da ita don gudu kafin tashi, LDA kuma wadda kake da ita don sauka. Ba lallai su zo daidai ba, domin a wasu filayen an matsar da bakin sauka zuwa ciki saboda gini ko tudu da ke kan hanya. Za ka ga fararen kibiyoyi a kan kwalta kafin layukan bakin titi. A kan wannan yankin kana iya fara gudun tashi, amma ba a dira a kai. Haka nan in ka shiga titi ta wata mahaɗa a tsakiya don ƙyuyar zuwa ƙarshe, lambar da ke allon ba taka ba ce kuma. Abin da ka bari a bayanka ya tafi. Ni dai da babban jirgi ba na shiga ta mahaɗa, ko da lissafi ya yarda. Minti uku ne na gangarawa, ba layin mai ba ne.

In titi ya jiƙe, ƙa'idar masu tsara tafiya ita ce a ƙara kashi 15 cikin 100 a kan nisan sauka. Ni kashi 20 nake ƙarawa, don hannuna ba na matuƙin gaske ba ne, kuma ruwan Yuni da Yuli na Legas ba ya wasa.

Sai tsofaffin bayanai. Bayanan zirga-zirgar jirage ana sabunta su duk kwana 28, shi ne ake kira AIRAC. Matsalar ita ce simileta tana da nata kundin, kwamfutar jirgin da ka saya tana da nata, allon titi yana da nasa, kuma filin da ka sauke kyauta daga intanet wataƙila tun shekaru goma aka zana shi. In suka saɓa, sai ka ga titi a allon amma babu shi a ƙasa. Lambar titi kanta tana canzawa, domin da arewar maganaɗisu ake auna ta, ita kuwa tana matsawa a hankali. Filin Stansted na Ingila ya mayar da 05/23 zuwa 04/22 a 2009 saboda haka. Kuma allon bai san an rufe titi ba sai an gaya masa. Lokacin da aka rufe titin Abuja na mako shida a 2017 aka karkatar da jirage Kaduna, a kwamfutocinmu 04/22 na nan garau, muna ta sauka a kan masu aikin kwalta. Duba lambar zagayen AIRAC a kowace manhaja, ka tabbata iri ɗaya ce. Gara duka su tsufa tare da a ce ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daren Juma'a nake wannan aikin, lokacin da data ta fi sauƙi.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo.

Iskar da ke cikin METAR, wato rahoton yanayin filin jirgi, da arewa ta gaskiya ake auna ta, wadda hasumiya ke faɗa kuma da ta maganaɗisu. A Najeriya bambancin ɗan kaɗan ne, ba zai dame ka ba. Ka je Cape Town, inda ya haura digiri 20, ka ga yadda lissafin iskar gefe zai watse.

Kada ka bar ma'aunin tsayi a 1013, wato saitin matsin iska da ake tafiya da shi a can sama, har ƙasa. In QNH, wato matsin iskar filin da za ka sauka, 1008 ne ka manta, ma'aunin zai ƙara maka wajen ƙafa 140 da ba ka da su. Filin Legas gaba ɗaya ƙafa 135 yake sama da teku. Cikin hazon hunturu, lokacin da ba ka ganin komai sai fari, wannan kuskuren kaɗai ya isa.

Allon ya rubuta maka "titin da ya dace"? Iska kawai ya duba. Bai san nauyinka ba, bai san wane titi ke da ILS ba, bai san me hasumiya ta ce ba.

Wanda ya saba tashi daga Legas ya je Jos, ya dubi tsayin filin kafin ya cika tanki. Ya haura ƙafa 4,000, iska ba ta da kauri, jirgi zai ci kwalta fiye da yadda ya saba, balle da rana tsaka.

A Kano kuma akwai 05/23 da 06/24, lamba ɗaya ce tsakaninsu, babu L babu R da za su farkar da kai. Ɗan yayata, da ya koma gida, ya aiko mini da hoton saukarsa ta farko a can yana alfahari. Na faɗaɗa hoton na dubi kwaltar. An ba shi 06, ga 05 rubuce ƙarƙashin tayarsa.